Yadda Ake Tsara Sanarwar Ɗaukar Ma'aikatan Gwamnati

Sanarwar ɗaukar aiki takarda ce da wata hukuma ta gwamnati ke fitarwa domin shaida wa jama'a cewa akwai gurbin da ake son cikewa, tare da bayyana irin mutumin da ake nema da kuma hanyar da zai bi ya gabatar da kansa. Mun tanadi wannan bayani ne domin jami'an mulki na ƙananan hukumomi, da sakatarorin ilimi, da shugabannin sassan lafiya da na aikin gona, waɗanda nauyin rubuta irin wannan takarda ke faɗowa a kansu. Haka kuma mun yi shi domin jama'armu na karkara su san abin da ya kamata su gani a cikin sanarwa ta gaskiya, ta yadda za su iya rarrabe ta da ta 'yan damfara.

Sau da yawa akan ji ana cewa aikin gwamnati ba ya buƙatar talla, tunda masu nemansa sun fi guraben yawa. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya idan ana batun aikin ofis a babban birnin jiha. Amma duk wanda ya zaga ƙauyukanmu ya san akwai ɗakunan shan magani da ba su da ungozoma, da makarantun firamare da malami ɗaya ke riƙe da aji uku, alhali a cikin gundumar akwai samari da 'yan mata masu takardun da suka dace, waɗanda labarin ɗaukar aikin bai kai gare su ba sai bayan an rufe. Wasu kuwa sun ji, amma suka ɗauka an riga an raba guraben tsakanin 'ya'yan manya, don haka ba su ɓata kuɗin motarsu ba. Waɗannan su ne mutanen da sanarwa mai kyau take nema.

Wanda ke da ikon fitar da sanarwa

Sashe na 197 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tanadi kafa Hukumar Kula da Ma'aikata a kowace jiha, kuma ita ce ke da ikon ɗaukar ma'aikatan gwamnatin jiha, da ƙara musu girma, da ladabtar da su, ko da yake takan miƙa ikon ɗaukar ƙananan ma'aikata ga ma'aikatu. A ɓangaren ƙananan hukumomi, tsarin da aka saba bi a mafi yawan jihohi shi ne Hukumar Kula da Ma'aikatan Ƙananan Hukumomi ce ke ɗaukar ma'aikata daga mataki na 07 zuwa sama, ita kuma ƙaramar hukuma ta ɗauki na mataki na 01 zuwa 06 ta hannun kwamitinta na ƙananan ma'aikata. Malaman firamare kuwa lamarinsu yana hannun Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha da hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi.

Saboda haka kafin jami'i ya ɗora alƙalami a kan takarda, wajibi ne ya tabbatar da cewa gurbin yana cikin hurumin ofishinsa, an sami amincewa a rubuce daga inda ya kamata, kuma an ware albashin gurbin a cikin kasafin kuɗin shekarar. Sanarwar da aka fitar babu tanadin albashi takan jawo a ɗauki mutane su yi watanni suna aiki ba a biya su ba, kuma labarin irin wannan yakan daɗe a bakin jama'a, har ya shafi sanarwar da za ta biyo baya.

Abubuwan da tilas su fito a ciki

Abu na farko shi ne sunan aikin, kuma a rubuta shi yadda mutanen gari suka san shi. Idan tsarin aikin gwamnati ya kira muƙamin da wani dogon suna na Turanci, to a rubuta sunan kamar yadda yake domin dokar aiki, sannan a biyo da wanda jama'a ke amfani da shi: malamin gona, malamin dabbobi, duba-gari, ungozoma, malamin daji, mai karɓar haraji. Daga nan sai a ƙara layi biyu ko uku da ke bayyana abin da mutum zai riƙa yi a kullum. Matashin da ya karanta cewa ana neman wanda zai zaga gonakin manoma a mazaɓu biyu, ya koya musu amfani da ingantaccen iri da feshin magani, ya kuma kawo rahoto kowane wata, ya riga ya san ko aikin ya dace da shi.

Na biyu shi ne adadin guraben da wurin da suke. A nan ne jami'ai da dama ke noƙewa, suna rubuta cewa ana neman “wasu” ma'aikata domin tura su “wurare daban-daban”. A namu ganin babu abin da ke kashe gwiwar mai nema na gaskiya kamar wannan, domin ɓoye adadi shi ne alamar farko da mutane ke ɗauka cewa akwai jerin sunaye a aljihun wani. A faɗi adadin, a kuma jera mazaɓu ko garuruwan da za a tura waɗanda aka ɗauka. Yin haka yana rage matsalar nan da muka sha gani, ta mutum ya karɓi aiki a ƙauye, bayan wata uku ya fara yawo da takarda daga wannan babba zuwa wancan yana neman a mayar da shi birni.

Na uku shi ne matakin albashi. Tun bayan rahoton kwamitin Udoji na 1974 ake tafiyar da aikin gwamnati a kan matakai daga 01 zuwa 17. Bisa tsarin da aka saba, mai ƙaramar difloma yakan fara daga mataki na 06, mai takardar NCE daga 07, mai babbar difloma ko digiri na farko daga 08, sai dai ma'aikatan lafiya suna da nasu jadawalin albashi dabam. To amma manomin da ɗansa ke neman aiki bai san abin da mataki na 06 ke nufi a aljihu ba. Don haka muke ba da shawarar a rubuta adadin kuɗin da mutum zai riƙa karɓa a wata, a ɗauko shi daga jadawalin da ofishin Babban Akanta ke biya da shi a halin da ake ciki, kada a ɗauko daga abin da aka ji a rediyo. Dokar ƙasa ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 30,000 a 2019, sannan zuwa naira 70,000 a 2024, kuma jihohi sun bambanta a yadda suka daidaita sauran matakai a kan wannan adadi. Wanda ya kwafo tsohuwar sanarwa ba tare da duba wannan ba zai rubuta abin da ba haka yake ba.

Na huɗu shi ne takardun karatu, kuma wannan wuri yana son natsuwa. A nemi abin da tsarin aiki ya gindaya kawai, kada a ƙara a kai. Idan gurbin na mai NCE ne, babu dalilin rubuta cewa an fi son mai digiri, domin hakan yana korar ainihin waɗanda za su zauna a ƙauye su yi aikin, ya jawo waɗanda za su riƙe shi na wucin gadi kafin su sami wani. Haka nan neman ƙwarewar shekara biyar a gurbin shiga aiki na farko rufe ƙofa ne ga duk sabon ɗalibi. A ɗaya ɓangaren kuma akwai sharuɗɗan da doka ta wajabta, waɗanda ba a yin sassauci a kansu. Mai digiri ko babbar difloma sai ya nuna takardar kammala yi wa ƙasa hidima ko ta yafewa, kamar yadda dokar shirin, wanda aka kafa a 1973, ta ɗora wa duk mai ɗaukar aiki ya nema. Malamin makaranta yana buƙatar rajista da hukumar TRCN, kuma NCE ce mafi ƙarancin takardar koyarwa bisa manufar ilimi ta ƙasa. Ma'aikatan jinya da ungozomomi sai da lasisin majalisarsu ta ƙasa, haka ma ma'aikatan lafiya na al'umma sai da na hukumar da ke yi musu rajista. A ambaci waɗannan a fili tun farko, kada mutum ya yi tafiyar kilomita 80 zuwa wurin tantancewa sannan a ce ya koma.

Sauran takardun da aka saba nema su ne shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, da takardar haihuwa ko rantsuwar shekaru, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da hotunan fasfo. A faɗi cewa kwafi ake so a haɗa da takardar nema, na asali kuma a riƙe su sai ranar ganawa. Idan akwai iyakar shekarun haihuwa, a rubuta ta da lambobi.

Na ƙarshe a wannan jeri shi ne inda za a kai takarda da ranar rufewa. A rubuta ranar cikakkiya, da sunan ranar mako da wata da shekara da ƙarfen da za a daina karɓa. Lafazin “cikin mako biyu daga fitowar wannan sanarwa” ba shi da amfani ga wanda ya ga takardar manne a bangon kasuwa bai san ranar da aka manna ta ba. Ƙa'idar Hukumar Daidaita Rabon Muƙamai ta Tarayya, wadda aka kafa a 1996, ita ce ma'aikatun tarayya su buga sanarwa a jaridun ƙasa aƙalla guda biyu, su kuma ba masu nema mako shida. Wannan wa'adi ne mai kyau da ya kamata mu yi koyi da shi, musamman da damina, lokacin da hanyoyi ke yankewa, jama'a kuma suna gona tun safe har la'asar.

Abin da ke jawo hankalin mai nema

Jawo hankali a sanarwar gwamnati ba ya buƙatar kirari ko zuzutawa. Abin da ake buƙata shi ne a fito da amfanin da ke cikin aikin, wanda mu da muke ciki mun saba da shi har mun daina ganinsa abin faɗa. Wanda aka ɗauka yakan yi shekara biyu a matsayin gwaji, sannan a tabbatar da shi. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun tanadi cewa ma'aikaci na mataki na 06 zuwa ƙasa yana iya neman ƙarin girma bayan shekara biyu, na 07 zuwa 14 bayan shekara uku, na 15 zuwa 17 bayan shekara huɗu, idan akwai gurbi kuma ya cika sharuɗɗa. Akwai hutun shekara, da hutun haihuwa ga mata, da damar tafiya ƙaro ilimi bisa izini, da haƙƙin fansho idan mutum ya cika shekara 35 yana aiki ko shekara 60 da haihuwa. Ga malaman makaranta an yi dokar ƙasa a 2022 da ta ɗaga wannan zuwa shekara 40 na aiki ko 65 da haihuwa. Kafin a sa wannan a sanarwa, a duba abin da ke aiki a jiha, haka ma batun fansho, domin tun bayan dokar gyaran fansho ta 2004 kowace jiha tana da tata dokar da irin tsarin da take bi.

Sharaɗi guda shi ne kada a yi alkawarin abin da babu shi. Idan akwai gidan ma'aikata kusa da asibitin, a faɗa. Idan akwai alawus na zaman karkara kuma ana biyansa, a faɗi nawa ne. Idan babu, a yi shiru a kansa. Kuma babu laifi a bayyana wahalar wurin: cewa garin yana da nisan kaza daga hedkwata, babu wutar lantarki, ana shiga da babur ne da damina. Wanda ya karanta haka kuma ya nema, shi ne wanda zai zauna. Galibi ma ɗan yankin ne, wanda wannan hanya ita ce hanyar gidansu.

Sashe na 14(4) na Kundin Tsarin Mulki ya wajabta wa gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma su kula da bambance-bambancen al'ummar da ke yankinsu wajen naɗa mutane, sashe na 42 kuma ya hana nuna wariya saboda ƙabila ko jinsi ko addini ko ra'ayin siyasa. Har ila yau dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su yi iya ƙoƙarinsu su ga aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu daga cikin waɗannan bayin Allah suke. Yana da kyau sanarwa ta ambaci waɗannan a sarari. Musamman a guraben lafiya da koyarwa, layi ɗaya da ke cewa ana ƙarfafa wa mata gwiwa su nema, kuma za a yi ƙoƙarin ajiye matan aure kusa da garuruwansu, yakan sa miji ko uba ya ba da izinin da da bai bayar ba. Amma shi ma kada a rubuta shi sai da niyyar cikawa.

Harshen sanarwa

Sanarwar da aka rubuta da Turanci kaɗai ta bar iyaye a baya, alhali sau da yawa su ne ke jin labari su aika wa ɗansu da ke wani gari. A fitar da ita da Turanci da Hausa, a ƙara da Fulatanci ko Kanuri ko duk harshen da ya fi yawa a yankin, inda kuma ake karanta ajami sosai a yi kwafi da shi domin allunan masallatai da kasuwanni. Wajen mayar da ita Hausa, kada a bi Turancin ofis kalma bayan kalma. Jimlar nan da aka saba buɗe sanarwa da ita, idan aka bi ta haka, takan fito kamar “ana gayyatar takardun nema daga 'yan takara masu cancanta da suka dace”, wanda ba Bahaushen da ke magana haka, kuma ɗan takara a kunnen jama'a mai neman kujerar siyasa ne. Abin da ake nufi shi ne: ana neman ma'aikata, duk wanda ya cika sharuɗɗa ya kawo takardarsa.

Ga misalin yadda za a iya tsara ta, an bar wuraren da kowane ofis zai cike da nasa bayani:

“Ƙaramar Hukumar ...... na sanar da jama'a cewa za ta ɗauki ma'aikatan lafiya na al'umma su ...... domin aiki a ɗakunan shan magani na mazaɓun ......, ...... da ....... Aikin ya ƙunshi awon ciki, da rigakafin yara, da kula da marasa lafiya na yau da kullum. Ana buƙatar takardar kammala makarantar koyon aikin lafiya da lasisin aiki wanda bai ƙare ba. Albashi naira ...... ne a wata. Za a karɓi takardu a ofishin Daraktan Mulki da ke sakatariya, Litinin zuwa Juma'a, daga ƙarfe 9 na safe, har zuwa ranar ....... Fom kyauta ne. Ba a biyan ko kwabo a kowane mataki, kuma ba a wakilta kowa ya karɓi kuɗi ba. Sa hannu: ......, muƙami ......, lambar takarda .......”

Wadda za a karanta a rediyo ta fi wannan gajarta. A ambaci aikin da wurin kai takarda da ranar rufewa, a maimaita ranar sau biyu, domin mai sauraro ba shi da damar komawa baya.

Hanyoyin isar da ita

Tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, jarida take ɗauke da sanarwar hukuma, kuma har yanzu tana da amfani a matsayin hujja cewa an sanar. Amma a karkara rediyo ne kan gaba, sai a zaɓi lokacin da ake sauraro, wato da sassafe da bayan magariba. A aika kwafi ga hakimai domin su sauke wa dagatai da masu unguwanni, a sa mai shela ya faɗa ranar kasuwa, a roƙi limamai da shugabannin coci su ambata bayan ibada, a manna a sakatariya da asibitoci da tashoshin mota. Kada a manta da kwalejojin ilimi da makarantun koyon aikin lafiya da na aikin gona, domin a can ne masu takardun suke.

Yanzu hukumomi da dama suna karɓar takardu ta intanet, kuma sanarwa takan yaɗu ta WhatsApp da Facebook cikin sa'o'i kaɗan. Wannan ya rage cunkoso da sa hannun 'yan tsakiya, sai dai akwai garuruwan da layin waya ba ya kaiwa. Inda aka zaɓi wannan hanya, ya kamata a ware tebur a sakatariya da ma'aikacin da zai taimaka wa mutane su cike fom kyauta, a kuma faɗi haka a cikin sanarwar. Bayanan da aka karɓa daga masu nema amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana a yi amfani da su a wani abin da ba don shi aka karɓa ba.

Batun kuɗin fom da sanarwar bogi

A ranar 15 ga Maris 2014 aka tara masu neman aikin Hukumar Shige da Fice a filayen wasa na biranen ƙasar nan domin jarrabawa. Mutum fiye da 500,000 ne suka nema, kowanne ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. An yi turmutsitsi a Abuja da Fatakwal da Minna da Benin, aka rasa rayuka fiye da goma. Jami'in da ke tsara ɗaukar aiki, ko da na mutum 20 ne, ya kamata ya riƙe abu biyu daga wannan lamari: kada a sayar da fom, kuma kada a kira kowa da kowa wuri guda a rana guda. A fara tace takardu a ofis, a fitar da sunayen waɗanda suka tsallake, a raba su rukuni-rukuni bisa mazaɓa ko harafin suna, kowane rukuni da ranarsa. Sanarwar tun farko ta bayyana cewa haka za a yi.

Ga jama'a kuma, alamomin sanarwar bogi sanannu ne. Za a ce a tura kuɗi zuwa asusun wani mutum, ko a kira wata lambar waya domin a “ajiye” gurbi, ko a ba da wa'adin kwana biyu don kada mutum ya sami lokacin bincike. Adireshin galibin shafukan gwamnati a Najeriya yana ƙarewa ne da .gov.ng. Duk wanda ya ga sanarwa yana shakka, ya je sakatariyar ƙaramar hukumarsa ya tambayi ofishin mulki ko jami'in yaɗa labarai kafin ya fitar da kuɗi ko ya miƙa takardunsa na asali. Idan kuwa ma'aikacin gwamnati ne da kansa ya nemi a ba shi wani abu domin ya sa suna, wannan cin hanci ne, ana iya kai ƙararsa ga shugaban hukumar da ke ɗaukar aikin, ko ga 'yan sanda, ko hukumar ICPC.

Bayan an rufe karɓa

A ba duk wanda ya kawo takarda 'yar shaida mai lamba da kwanan wata, a kuma shigar da sunansa a rajista a gabansa. Idan an ƙara wa'adi ko an ɗage ranar ganawa, a sanar ta hanyoyin da aka bi da farko, ba a allon ofis kaɗai ba. Sunayen waɗanda aka kira ganawa da na waɗanda aka ɗauka a ƙarshe a manna su a sakatariya tare da mazaɓar kowanne, a aika kwafi ga hakimai. Ofishin mulki kuma ya adana kwafin sanarwar, da rasiɗin gidan rediyo ko jarida, da rajistar masu nema, a cikin fayil guda, domin masu binciken kuɗi da hukumar kula da ma'aikata sukan nemi ganinsu kafin a sa sababbin sunaye a takardar albashi.